Littafin 'Yar Gwaggo Ya Ƙi Zama PDF

2 ga Maris

Ɗan Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma ranar dajin nan ba ta ƙarasa ƙona ka ba, don hoton da ka turo wancan watan sai da Kawu ya tambaye ni ko wane ne. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ce dai har yanzu ba ta shiri da matakala. An yi wa Kawu aikin ido na biyu, yana gani sarai, har ya fara ganin laifin kowa a gidan. Matarka ta leƙo ranar Asabar da yaran, duk lafiya.

Na gama littafin nan, na koya wa manyan mata karatu, wanda nake damunka da zancensa tun kafin in yi ritaya. Shafi sittin da huɗu. Shekara biyu ina buga shi da yatsa biyu a tsohuwar kwamfutar marigayi maigidana, 'yata Auta kuma ta zana min hotuna kafin ta koma makaranta. Mata arba'in da ɗaya suka ba da suna, yawancinsu 'yan kasuwa, kuma ranar ɗaya ga Afrilu za mu fara a ɗakin taron da ke bayan asibitin unguwa. Na yi musu alkawari kowace za ta riƙe littafinta a hannu ranar farko.

Mai ɗab'i tsohon ɗalibina ne. Ya ce zai buga min kwafi ɗari biyu, in sayi takarda kawai, amma sai na kawo kafin ashirin ga wata ta wuce, don daga washegari injinsa na takardun jarrabawa ne har wata biyu. Jiya na kai masa a filashi, ina ta fara'a. Yana buɗewa sai na ga abin da ban gane ba. Hoton akuya ya gudu ya koma ƙarƙashin darasin jirgi. Duk inda na sa ƙ da ɗ da ɓ, ƙananan akwatuna ne a wurin. Ya ce, "Malama, PDF za ki kawo min. Shi ba ya motsi, yadda kika shirya shafi haka zai zauna a kowace kwamfuta." Na ce to ka mayar mana. Ya ce in ya mayar a tasa, da akwatunan zai mayar, sai dai a kwamfutar da aka rubuta.

Na dawo gida na bincika, sai ga manhajoji sun fi talatin, kowace tana rantsuwa ita ce ta kyauta. Kai ne mai kwana da na'urori. Wacce zan ɗauka? Ka faɗa min guda ɗaya, wadda ba za ta ci kuɗin takardar mutane ba.

Taka,
'Yar Gwaggo

7 ga Maris

'Yar Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, kuma ban yi baƙin da kike faɗa ba, kyamarar ce. Ki gaishe da Baba, ki ce masa ya rage kallon laifi kada idon ya gaji. Gwiwa kuma ai tsufa ne, ki daina ɓoyewa, mun san shekarunki.

Ki yi haƙuri da jinkiri. Inda muke awon hanyar nan babu sabis ko kaɗan, sai ranar da motar kaya ta shiga gari nake bin ta in buɗe saƙonni. Barka da gama littafi. Wallahi na ɗauka sai jikoki ne za su ƙarasa miki.

Maganar PDF ba wuya. Hanyoyin iri uku ne. Akwai shafukan intanet da ake ɗora musu fayil su mayar. Suna da sauri, amma ni ba na son su ga aiki irin naki, don da yawa suna ƙayyade yawan shafi, kuma ba ki san inda littafinki zai kwana ba. Akwai manhajojin da ake saye, masu iya gyara PDF, su haɗa, su raba, su sa hannu, su karanto rubutu daga hoto. Irin su muke amfani da su a ofis saboda taswirori, amma ke ba ki buƙatar ko kwata na abin da suke yi. Sai na uku, manhajar rubutu ta kyauta wadda ita da kanta take fitar da PDF. Ni LibreOffice nake sa wa mutane. Ba a biya, ba ta ƙarewa. Ki sauke ta daga shafinta na ainihi, ki buɗe littafin a ciki, za ki ga ƙaramar alamar PDF a jerin sama, ki danna. Shi ke nan. Kuma idan kwamfutar ba ta tsufa sosai ba, wataƙila ma a wajen da ake tura takarda zuwa firinta akwai zaɓin ajiyewa a PDF, sai dai ban san wane zamani ce taki ba, ko ta lokacin da ake kunna su da hannu ce.

Aikin minti goma ne. Ko Baba da sabon idonsa zai iya.

Naki,
Ɗan Kawu

9 ga Maris

Ɗan Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, sai ni da kaina ke sarawa tun jiya, kuma kai ne sanadi.

Na ce ka faɗa min guda ɗaya, ka kawo min lacca. Duk da haka na bi maganarka. Na rubuta sunan da ka ba ni, shafuka suka fito jere, na shiga na farko. Akwai wani ƙaton maɓalli kore yana ƙyaftawa, na danna. Abin ya ɗauki rabin yini yana sauka, ya cinye min data. Da ya gama, sunan da ya fito a fuskar kwamfutar ba wanda ka faɗa ba ne, amma akwai PDF a jikinsa da jan rubutu, na ce ƙila ƙanwarta ce.

Na ba ta littafin. Ta mayar da shafi biyar ta tsaya. Biyar ɗin ma ta shimfiɗa musu wani ƙaton tambari daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rufe fuskar akuyar Auta. Sai ta fito da akwati tana neman lambar katina, wai in na biya za ta cire tambarin ta ƙarasa sauran. Wannan ce kyautar taku?

Haushi ya sa na gwada shafin intanet ɗin da ka ce ba ka so. Ya karɓa, ya juya, ya juya, ya ce littafin ya yi nauyi. Na raba shi gida huɗu, na ɗora kashi na farko. Ya dawo min da shi babu tambari, amma ya cinye haruffa masu lanƙwasa gaba ɗaya, ko akwatin ma bai bari ba. Darasi na shida ya kamata ya ce ƙofa, ɗaki, ɓera. Ya koma ofa, aki, era. Ka ce min da wannan zan tsaya gaban mata arba'in?

Maƙwabciyata mai shagon magani ta ce in biya kawai in huta, ita ma haka ta yi da takardun shagonta. Kuɗin ba kashe mutum zai yi ba, amma daga na takarda zan cire, kuma matan ne suka haɗa shi. Saura kwana goma sha ɗaya. In biya ko kada in biya? Amsa nake so, ba darasi ba.

'Yar Gwaggo

11 ga Maris

Yar Gwaggo, gaisuwa. Wayata ta fada ruwa, ta direba na ara, kuma yana jira. Wannan ba ita ba ce, talla kika danna. In ta sake neman kati ki ki biya. Zan yi miki bayani ranar Laraba in mun shigo gari. Ki kwantar da hankalinki.

12 ga Maris

Ɗan Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya mayar maka da alherin wayarka.

Na ga saƙonka, har hannunka na rawa kana maimaita kalma. Ka ce in ta sake neman kati in biya, na biya. Tambarin ya tafi, ta mayar da shafi sittin da huɗu cif. Na yi hamdala, na ɗaura ɗankwali, na hau mota har wurin mai ɗab'i da gwiwar nan.

Ya buɗe. Akuya tana wurinta, jirgi yana wurinsa. Akwatunan ma suna nan, ko ɗaya bai ragu ba. Ma'aikatansa biyu suka zo suka tsaya a bayansa suna leƙe, ɗayan yana danne dariya. Shi kuwa sai sosa ƙeya yake yana cewa, "Malama, yanzu ma sun fi zama daram, don sun shiga PDF." Yaron da na koya wa riƙe fensir ne yake tausaya min a gaban mutane.

Da na dawo na duba takardar shaidar biyan da suka turo, sai na ga a ƙasa da ƙaramin rubutu wai duk wata za su riƙa cira. Ni da nake son abu sau ɗaya a rayuwata.

Ina jiran bayanin Larabar. Ka zo da shi da kyau.

'Yar Gwaggo

16 ga Maris

Ɗan Kawu,

Gaisuwa. Kawu lafiya, yaranka lafiya, tunda ba ka tambaya ba na faɗa maka.

Laraba ta zo ta wuce. Alhamis ma. Na buɗe akwatin saƙo ya fi sau ashirin. Yau shugabar matan, mai sayar da robobi, ta tare ni a bakin titi ta ce, "Malama, an ce littafinmu har da hotuna?" Na ce har da hotuna. Ta ce ta sayi jaka sabuwa saboda shi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka fara aikin nan. Lokacin da matarka ta haihu kana daji, wa ya kwana uku a asibiti? Ban faɗa don gori ba, na faɗa ne don ka san abin ya yi min ciwo. Ka ce aikin minti goma ne, ka sa na biya kuɗin mutane a banza, sannan ka yi shiru. Tun muna yara haka kake, ka tura mutum kan bishiya ka ɗauke tsani ka tafi wasanka. In ba za ka iya ba, da ka ce ba za ka iya ba, in nemi wani.

Saura kwana huɗu. Ba sai ka amsa ba.

'Yar Gwaggo

18 ga Maris

'Yar Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun nan, da hannun hagu nake yi. Ranar Talata motar kayanmu ta zame a gangaren da muke awo ta kwanta. Direba ya fita lafiya, ni na karye a tsintsiyar hannun dama. Kwana shida ina ƙaramin asibitin kamfani, an ɗaure hannun, yau aka kawo min sabuwar waya. Kada ki faɗa wa Baba, kada ki faɗa wa matata, ni zan kira ta da kaina.

Na karanta wasiƙunki biyu a jere. Ta biyun ta fi karayar zafi, amma bari mu bar ta.

Ni ban ce ki biya ba. Cewa na yi ki ƙi biya. Ki ƙi. Wayar direba ba ta da ƙ mai lanƙwasa, shi ya sa ya fito ki ki. Ke da kika shekara talatin kina jan kunnen yara a kan wannan harafin, ke ce kika karanta shi a matsayin rawar hannu? Na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo, sannan na ji haushi, don laifina ne ma. Da na rubuta kada ki biya, da ba a kai nan ba. Kuma na yi kuskure da ban turo miki adireshin kai tsaye ba, na bar ki da maɓallan talla.

Yanzu ga abin yi, kuma ba lacca.

Ki fara shiga saƙon shaidar biyan nan, ki nemi inda ake soke rajista, ki soke. In ya ƙi, ki je bankinki su toshe cirar. Sannan ki goge manhajar.

Adireshin ta gaskiyar yana ƙasan wasiƙar nan. Shi kaɗai za ki danna.

Akwatunan kuwa ba manhaja ce kaɗai ke kawo su ba. Ina zargin salon harafin da kika yi rubutun da shi ne, irin mai ado ɗin nan da kike so. Ba shi da haruffanmu a cikinsa. Kwamfutarki tana aro su daga wani salon ta nuna miki, shi ya sa ke kike ganinsu, amma da an fita da littafin sai aron ya ƙare. In kin buɗe shi a sabuwar manhajar, ki zaɓi rubutun duka, ki mayar da shi salon da na rubuta miki sunansa a ƙasa, wanda yake da ƙ da ɗ da ɓ nasa na kansa. Sannan ki danna alamar PDF. Za ta cusa haruffan a cikin fayil ɗin, su tafi tare.

Gargaɗi ɗaya. In kin canza salo, layuka za su motsa, wasu hotunan za su sauka. Sai kin bi shafi-shafi kin gyara. Wannan ba minti goma ba ne, na janye.

Naki, mai ɗauke tsani,
Ɗan Kawu

2 ga Afrilu

Ɗan Kawu,

Assalamu alaikum. Yaya hannun? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Matarka ta ce kun yi magana, ta kuma ce kai ne ka ce a bar ka ka zauna gaban mota don ka fi kowa tsawon ƙafa. Kawu bai sani ba har yanzu.

Wasiƙar nan tawa ta sha shida ga Maris, ka goge ta. Na rubuta ta ne raina a ɓace, kuma da na san kana kwance da ban rubuta ba. Maganar haihuwar ma bai kamata in tayar ba. Ka yafe min. Maganar tsani dai gaskiya ce, ba zan janye ba.

Na yi duk yadda ka ce. Soke rajistar ya kai ni banki sau biyu. Manhajar ta sauka, ba ta nemi kati ba, ba ta ƙyafta min ido ba. Na canza salon harafin, sai littafin ya tashi daga shafi sittin da huɗu ya koma saba'in da ɗaya, hotuna suka watse kamar an kora kaji. Kwana biyu da rabi ina mayar da kowa ɗakinsa. Ranar ashirin da yamma wuta ta ɗauke ina shafi na hamsin da takwas, kuma batirin kwamfutar marigayi ba ya riƙe ko minti biyar. Sai da safiyar ashirin da ɗaya na gama. Na danna alamar, ko ƙiftawa ban yi ba PDF ya fito. Na buɗe shi a wayar maƙwabciya don in tabbatar. Ƙofa, ɗaki, ɓera, kowa da lanƙwasarsa. Na zauna ina kallonsu kamar 'ya'yan da suka dawo daga tafiya.

Na isa wurin mai ɗab'i ƙarfe goma. Tun daga ƙofa na ji injin yana ruri. Takardun jarrabawa tsibi-tsibi har rufi, da ɗan sanda a zaune yana gadi. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Malama, da jiya ne." Ya buɗe fayil ɗin, ya ce bai taɓa karɓar aiki mai tsabta haka ba daga hannun wanda ba sana'arsa ba. Na ce yabon nan ka riƙe, yaushe za ka buga? Ya ce ƙarshen Mayu. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, na tuna masa wanda ya koya masa rubuta sunansa. Ya ce ko mahaifiyarsa ce ba zai iya sauke aikin da ke kan injin ba. Na fito ban yi masa sallama ba, abin da har yanzu yake damuna.

Jiya muka fara aji. Na kai shafi takwas na farko shagon hoton takarda, aka yi min kwafi arba'in da ɗaya, na ɗinke su da allura da zare. Na tsaya gabansu na ce na yi alkawarin littafi, na kawo takardu, laifina ne. Mai robobi ta ɗaga nata ta juya shi gaba da baya, ta ce, "To ina sauran?" Na ce sai Mayu. Ta buɗe sabuwar jakarta ta saka shi a hankali, ta ce, "Ki ba mu wannan mu gama tukuna." Ban ji daɗi ba, kada ka ɗauka na ji. Amma mun yi a, mun yi ba, kuma mata uku sun rubuta harafin farko na sunansu.

Na liƙa maka littafin a wasiƙar nan. Ka duba da idonka, tunda hannun ba ya aiki.

Taka,
'Yar Gwaggo

10 ga Afrilu

Malama 'Yar Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Hannu da sauƙi, yatsun sun fara motsi. Na yafe, ke ma ki yafe min Mayun nan, don da rabona a ciki. Ki koma ki gaishe da mai ɗab'i, bai yi miki laifi ba.

Littafin ya buɗe a wayata lafiya lau. Yana da kyau, kuma ban faɗa don in wanke kaina ba. An dawo da ni sansani amma an hana ni fita awo, sai zaman rumfar girki. Ina duba shi ranar Lahadi, mai dafa mana abinci ya tsaya a kaina da ludayi a hannu. Dattijo ne, gemunsa fari fat, ya fi shekara ashirin yana bin kamfanin nan. Ya ga akuyar Auta ya tambaye ni mene ne. Na faɗa masa. Ya koma kan tukunyarsa. Da aka watse sai ya dawo ya ce, a hankali yadda kowa ba zai ji ba, duk ƙarshen wata, yatsa yake dangwalawa a takardar albashi, kuma 'yarsa tana turo masa saƙo sai ya nemi mai karanta masa. Na sa an buga masa darasi huɗu na farko a firintar ofis.

Yau kwana huɗu muna yi bayan abincin rana, kuma ina gab da haukacewa. Ya riƙe a, ya riƙe ka, amma b da d sun gagare mu. In na nuna masa b ya ce d, in na nuna d ya ce b. Na zana, na maimaita, jiya har na ɗaga murya, ya tattara takardunsa ya ce wake zai ƙone, alhali ban ga wake a wuta ba. Yau bai zo ba sai da na je na ba shi haƙuri.

Yaya kike yi da su? Me ake ce wa mutum ya gane wanne ne cikinsa ke gaba, wanne ke baya? Motar kaya za ta shiga gari ranar Laraba, ina so in tarar da amsarki. Ki rubuta dalla-dalla, yadda ba zan karanta shi a karkace ba, don dattijon nan ya ce in ya sake ji na yi masa tsawa, gishirin abincina ne zai faɗa min.

Ɗalibinki,
Ɗan Kawu